Tarkon Mutum Ɗaya, Farautar Jama'a: Tarihin Wasan Gicciyen Kalmomi Mai Lauje Cikin Naɗi

Mu huɗu ne, dukanmu sana'armu rubuta manhajar kwamfuta, kuma kusan shekara biyu ke nan da muka ɗora wa kanmu wata al'ada. Duk ranar Asabar da yamma mukan haɗu, a dafa shayi, mu buɗe wasan gicciyen kalmomi na wata jaridar Ingila a waya, mu yi ta fama da shi har rana ta faɗi. Wata Asabar muka cike dukkan gurabe, ya rage layi ɗaya mai haruffa biyar. Harafi na biyu I ne, na huɗu E, sauran ukun fayau. Isharar da aka bayar gajeriya ce, tana maganar wani fure da kuma mulkin da ya rikice. Muka zazzage duk sunan furen da muka sani da Ingilishi, babu wanda ya shiga. Ɗayanmu ya ɗauko jerin sunayen furanni daga intanet, ya rubuta ɗan umarni ya tace su, nan ma shiru.

Sai ƙaramarmu ta ce bari ta kira mahaifinta, tsohon malamin Ingilishi da ya yi ritaya, wanda ya koyi wasan tun yana ɗalibi. Nan gardama ta kaure. Babbanmu ya ce wannan satar amsa ce. A ganinsa wasan na mutum biyu ne, wanda ya ɗana tarko da wanda zai kwance shi, kuma ko zaman da muke yi mu huɗu ma alfarma yake yi mana. Ranar ba a kira kowa ba, kowa ya tafi gida da layinsa a buɗe.

Wannan gardama ce ta sa muka shiga bin tarihin wasan. Abin da muka tarar shi ne, tun daga ranar da aka ƙirƙiro shi, da wuya a nuna wani mataki da ya taka ba tare da hannun jama'a a ciki ba.

Yadda tarkon yake

A gicciyen kalmomi na yau da kullum, wanda Turawa ke kira kuroswad, ana zana gurabe kamar gidajen dara, wasu farare wasu baƙaƙe. Kowace kalma tana tafiya a kwance ko a tsaye, ta gitta ta cikin wata, su yi tarayya a harafi ɗaya. Ishara kuwa kai tsaye take. A ce maka "babban birnin Masar", ka rubuta amsa, ka wuce.

Irin na Ingila da muke magana a kai yana da lauje cikin naɗi. Kowace ishara jimla ce mai kama da zancen yau da kullum, amma a cikinta akwai abu biyu. A farko ko a ƙarshe akwai ma'anar kalmar da ake nema. Sauran jimlar kuma umarni ne na yadda za a harhaɗa haruffanta. Labarin da jimlar ke bayarwa a fili ba shi da wani aiki sai kawar maka da hankali. Lambar da ke ƙarshe ita ke faɗin yawan haruffa.

Don mai karatu ya ɗanɗana, ga wasu da muka ɗana da Hausa.

Dukan kunci ya ruguza rami (4). Babu wani rami da aka ruguza. "Dukan kunci" shi ne ma'ana, "ya ruguza" kuma umarni ne cewa a birkita haruffan kalmar da ke biye. A birkita R, A, M, I, sai ga MARI.

Haka noma ya ɓoye babban birni (4). A nan amsar tana zaune a gabanka. Dubi ƙarshen "haka" da farkon "noma", za ka ga KANO a ɓoye, kamar yadda jimlar ta faɗa.

Bar a cikin tama, a samu abin shimfiɗa (7). A buɗe TAMA a tsakiya, a cusa BAR, ta zama TABARMA.

Ya fi ƙauye, kuma niƙaƙƙen hatsi ne (4). Ma'ana biyu, kalma ɗaya: GARI. Da yake rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, Hausa tana da irin waɗannan tagwaye jingim.

Wanda ya lura zai ga cewa kowace ishara tana ɗauke da shaidar kanta. In ka samu amsar gaskiya, ɓangarorin biyu za su haɗu a kanta, ba ka bukatar kowa ya gaya maka ka dace. Wannan tabbaci shi ne daɗin wasan, kuma sai da aka kwashe shekaru kafin a gina shi.

Daga Niyok zuwa Landan

Ranar 21 ga Disamba, 1913, jaridar New York World ta buga wani sabon wasa a shafinta na nishaɗi. Wanda ya tsara shi, Arthur Wynne, haifaffen Liverpool ne da ya yi ƙaura zuwa Amurka. Zanen nasa mai kusurwa huɗu ne a karkace, da rami a tsakiya, isharorinsa kuma kai tsaye suke. Masu karatu suka so abin, har suka fara aiko da nasu wasannin ana bugawa. A 1924 wani sabon kamfanin ɗab'i, Simon & Schuster, ya fitar da littafi guda na irin wannan wasa, kowane kwafi da fensirinsa a maƙale, aka yi ta rububinsa.

Ingila ta fara da kallon abin a wulaƙance. A ƙarshen 1924 jaridar The Times ta buga sharhi tana kwatanta Amurkawa da bayin da wasan ya ɗaure, tana kukan lokacin aiki da ake ɓarnatarwa. Amma a wannan shekarar ce Sunday Express ta fara buga shi, Daily Telegraph ta biyo baya a watan Yulin 1925, ita kanta The Times ta sauko ranar 1 ga Fabrairu, 1930.

Wanda ya murɗa wasan ya zama na Ingila shi ne Edward Powys Mathers, marubuci kuma mai fassara, wanda ya juya Dare Dubu da Ɗaya daga Faransanci zuwa Ingilishi. Mathers ya ga isharorin Amurka sun yi lami, tamkar buɗe ƙamus. Sai ya shiga cusa musu habaici da zaurance da birkita haruffa. Daga 1926 har rasuwarsa a 1939 yana ɗana wa jaridar Observer wasa, da sunan aro Torquemada, sunan shugaban kotun binciken aƙida ta Sifaniya a ƙarni na 15, kotun da ta yi ƙaurin suna wajen azabtar da mutane. Da gangan ya zaɓi sunan, don masu warwarewa su san abin da ke jiran su.

Ko a nan, mutumin da ake ɗauka shi kaɗai ne a ɗaki yana ƙulla mugunta, ba shi kaɗai ba ne. Shi yakan zaɓi kalmomin da yake so, matarsa Rosamond ita ke zama ta saƙa su cikin gurabe har su gitta juna daidai. Duk wanda ya taɓa gwada wannan aiki ya san ba shi ne ƙaramin rabi ba.

Yadda aka yi wa tarko doka

Wasannin Torquemada suna da ban sha'awa, amma ba su da linzami. Wata isharar sai wanda ya haddace wani tsohon baiti zai gane ta, wata kuma ko an gaya maka amsa ba za ka ga hanyar da aka bi ba. Mai warwarewa ba ya sanin ko shi ne ya gaza ko mai ɗana tarkon ne ya yi ha'inci.

Mutum biyu suka gyara wannan. Na farko A. F. Ritchie, limamin coci kuma shugaban makaranta a garin Wells, wanda ke ɗana wasa a mujallar The Listener da sunan Afrit. Sunan yana ɓoye a farkon sunansa na gaskiya, kuma shi ne dai ifiritun da muka sani a tatsuniyoyin Larabawa. A wani littafi da ya fitar a 1949 ya shimfiɗa ƙa'idar da har yau ake tafiya a kai: mai ɗana tarko yana da damar karkatar da tunaninka yadda ya so, amma dole kalmomin da ya rubuta, in an karanta su ta fuskar da ta dace, su faɗi ainihin abin da ya kamata ka yi.

Na biyu shi ne Derrick Macnutt, malamin Latin da Girkanci a makarantar Christ's Hospital, wanda ya gaji Mathers a Observer, ya ɗauki sunan Ximenes, wani daga cikin magadan Torquemada a waccan kotu. Macnutt ya tsananta. A wurinsa kowace kalma a cikin ishara sai ta kasance da aiki, ma'ana ta zama daidai, nahawu kuma ya tsaya ta fuska biyun. Ya tattara ra'ayinsa a littafi a 1966, kuma har yau in aka ce ishara ta bi tafarkin Ximenes, ana nufin babu cuta a cikinta. Mu masu rubuta manhaja wannan ya fi kama mu, domin mun san yadda waƙafi ɗaya da ya yi yawa ke tsayar da aiki gaba ɗaya.

Abin da ya fi muhimmanci ga gardamarmu shi ne yadda ƙa'idojin suka nuna. Daga 1945 Macnutt ya buɗe gasa. A kai a kai yakan bar kalma ɗaya ba ishara, ya ce duk wanda ya gama wasan ya ɗana mata tasa ya aiko ta gidan waya. Ɗaruruwan mutane ke aikowa. Shi kuma ya zaɓi waɗanda suka fi, ya buga su a wata 'yar takarda tare da sharhinsa kan abin da ya yi kyau da abin da ya karya doka, ya aika wa masu shiga gasar. Su ma sukan mayar masa da martani, su yi ƙorafi, wani lokaci su kama shi da kuskure. Aka shafe fiye da shekara ashirin ana wannan kai da komo, har mutanen suka san juna ta suna, suka riƙa shirya liyafa suna haɗuwa in wasan ya kai wata cikakkiyar lamba.

Daga wannan da'ira aka samu Colin Dexter, marubucin labaran ɗan sandan nan Sufeto Morse, wanda ya ɗauko sunan jaruminsa daga abokin gasarsa Jeremy Morse, wani babban ma'aikacin banki. Daga cikinta kuma magajin Macnutt ya fito. Da Macnutt ya rasu a 1971, Jonathan Crowther ya karɓa a 1972 da sunan Azed, wato Deza in an karanta daga baya, shi ma sunan wani shugaban kotun ta Sifaniya. Ya ci gaba da gasar fiye da shekara hamsin. Da yawa daga cikinmu mun riƙe aikinsa a hannu ba mu sani ba, domin shi ne editan bugu na biyar na ƙamus ɗin Oxford na masu koyon Ingilishi, wanda ya fito a 1995.

Lokacin da wasa ya shiga yaƙi

A ƙarshen 1941, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, masu karanta Daily Telegraph suka yi ta rubuto wasiƙu suna alfaharin cewa cikin 'yan mintoci suke gama wasan jaridar. Wani mai suna W. A. J. Gavin ya ce bai yarda ba, ya sa fam 100 sadaka in aka samu wanda zai gama cikin minti 12 a gaban shaidu. A watan Janairun 1942 aka tara masu gasa a ofishin jaridar da ke titin Fleet a Landan, 'yan kaɗan suka cika sharaɗin. Bayan 'yan makonni wasu daga cikinsu suka samu wasiƙar sirri ana gayyatarsu ganawa da jami'an soja. Ɗaya daga cikinsu, Stanley Sedgewick, akawu ne da kalma ɗaya ta rage masa lokacin da aka buga ƙararrawa. Ya ƙare a Bletchley Park, cibiyar da Birtaniya ke fasa saƙonnin sirrin Jamus, yana aiki a kan saƙonninsu na yanayi.

Fim ɗin The Imitation Game na 2014 ya ɗauki wannan labari ya yi masa kwalliya. Ya nuna kamar Alan Turing ne ya shirya gasar, kuma ta nan Joan Clarke ta shigo. A gaskiya Clarke ta zo tun 1940, ta hannun malaminta na lissafi a Cambridge, Gordon Welchman. Fim yana son gwarzo ɗaya, amma a ƙarshen yaƙin mutanen da ke aiki a Bletchley da rassanta sun doshi dubu goma, kusan kashi uku cikin huɗu mata. Wani ya kama saƙo a rediyo, wata ta juya na'ura, wani ya cinci kalmar da ake zaton tana ciki, wata ta fassara. A can ne aka kunna Colossus a 1944, na'urar da Tommy Flowers ya ƙera, wadda muke lissafawa cikin kakannin kwamfutocin da muke ci da su yau.

Labari na biyu ya fi ban dariya, ko da yake wanda abin ya faɗa wa bai yi dariya ba. A watan Mayun 1944, ana shirin tsallaka teku zuwa Nomandi a Faransa, jami'an leƙen asiri na MI5 suka lura da wani abu a wasan Daily Telegraph. Ranar 2 ga wata amsar wata ishara ita ce Utah. Ranar 22, Omaha. Ranar 27, Overlord. Ranar 30, Mulberry. Ranar 1 ga Yuni, Neptune. Biyun farko sunayen sirri ne na gaɓar tekun da sojojin Amurka za su sauka, Overlord sunan farmakin gaba ɗaya, Mulberry tashar jiragen ruwa ta wucin gadi da za a ja zuwa can, Neptune kuma ɓangaren rundunar ruwa. Saura kwana biyar a kai harin 6 ga Yuni.

Jami'ai suka dira a kan wanda ya ɗana wasannin, Leonard Dawe, shugaban makarantar Strand, wadda aka kwashe daga Landan zuwa ƙauyen Effingham saboda ruwan bama-bamai. Suka yi masa tambayoyi, ba su same shi da laifi ba, aka bar abin a matsayin katari. Sai a 1984 wani tsohon ɗalibinsa, Ronald French, ya fito ya yi bayani. Ashe Dawe yakan ba yara gurabe fayau su cike da kalmomin da suka ga dama, shi kuma ya ɗana musu isharori daga baya. Kusa da makarantar akwai sansanin sojojin Amurka da Kanada, yaran suna yawo a cikinsu, suna jin kalmomin a bakinsu ba tare da sanin nauyinsu ba. French yana ɗan shekara 14 a lokacin. Wasan da ya tayar da hankalin masu tsaron ƙasa, hannun 'yan makaranta ne a cikinsa.

Saƙo a cikin gurabe

Ba kowa ne ya bi dokokin Ximenes sau da ƙafa ba. John Graham, shi ma limamin coci, ya fara ɗana wa Guardian wasa a 1958, daga baya aka san shi da Araucaria, sunan wata bishiya da Ingilishi ke yi wa laƙabi da mai ruɗa biri. Yakan karya ƙa'ida in ya ga karyawar za ta sa mai warwarewa murmushi. Masu tsattsauran ra'ayi suka yi ta sukarsa, masu karatu kuwa suka ƙaunace shi ƙauna mai tsanani. Gardama tsakanin ɓangarorin biyu har yau ba ta mutu ba.

A watan Disamban 2012 ya buga wani wasa a mujallarsa, 1 Across, Guardian ta sake buga shi a Janairun 2013. A samansa ya rubuta ɗan bayani cewa yana ɗauke da abin da ke lamba kaza a tsaye, a sashen jikin da ke lamba kaza, kuma ana kula da shi ta hanyar da ke lamba kaza. Mutane suka zauna da fensiri a gidajensu da cikin jiragen ƙasa, suna cike gurbi bayan gurbi, har kalmomin suka bayyana: ciwon daji, maƙoshi, kulawar rage raɗaɗi. Ya rasu ranar 26 ga Nuwamba, 2013, yana da shekara 92. Mutumin da ya shafe fiye da shekara hamsin yana magana da mutanen da bai taɓa gani ba ta hanyar isharori, ta nan ya ga ya dace ya yi musu sallama. Ba a yi wa abokin gaba irin wannan sallama.

Hujjar babbanmu

Adalci ne mu faɗi cewa babbanmu yana da abin kafa hujja. Tun 1970 The Times ke shirya gasar zakaru, inda kowa ke zaune shi kaɗai da takardarsa, ba ƙamus ba waya. John Sykes ya lashe ta sau goma, Mark Goodliffe ya zarce haka. Akwai kuma Cain's Jawbone, wato muƙamuƙin Ƙabila, labarin kisan kai mai shafi 100 da Torquemada ya buga a 1934 da shafukan a hautsine, aka ce a jera su daidai a kuma gano wa ya kashe wa. Yawan hanyoyin jera shafi 100 lamba ce mai alƙaluma 158, don haka babu kwamfutar da za ta gwada su ɗaya bayan ɗaya. Mutum biyu suka warware shi a zamanin farko. Da aka sake buga shi a 2019 da kyautar fam 1,000, mutum ɗaya ne ya dace, marubucin barkwanci John Finnemore, wanda ya yi watanni a kansa lokacin kullen korona a 2020.

Sai dai ko waɗannan gwanaye da harshen da jama'a suka gina suke aiki. Wasan Ingila cike yake da al'adun da ba a rubuta su a saman shafi. Haruffan ER suna nufin Sarauniya Elizabeth. Matuƙin jirgin ruwa yana da gajerun sunaye biyu ko uku da ake maimaitawa. A wasan kurket ana kiran wani ɓangaren fili "ƙafa", kuma masu ɗana tarko ba sa gajiya da wannan. Ɗan Ingila yakan tsinci waɗannan a wurin uwa ko kaka ko abokin aiki, a teburin karin kumallo, shi ya sa yake mantawa cewa koya masa aka yi. Mu da muka zo wa wasan daga nesa, da Ingilishin makaranta, ba mu da wannan gado. Shi kansa Goodliffe, zakaran zakaru, tun 2017 yake zama gaban kyamara tare da Simon Anthony a tasharsu ta YouTube, Cracking the Cryptic, suna warware wasanni a fili suna bayyana kowane mataki don wasu su koya.

Tambayar da ta rage, ashe, ita ce wane irin taimako. A sana'armu cikin minti biyar za mu rubuta manhajar da za ta birkita haruffa ta fito da duk kalmar da za ta yiwu, ko ta jero duk kalmomin ƙamus masu I a gurbi na biyu da E a na huɗu. Wannan yana cike gurbi, amma ka tashi kamar yadda ka zauna, gobe irin tarkon ya sake kama ka. Abokin da ya san wasan kuwa yakan duba inda ka maƙale, ya ɗan tura ka taki ɗaya, ya ja bakinsa. Ko a kacici-kacicin da muka yi muna yara a dandali, ba a faɗin amsa sai kowa ya yi iya yinsa an ba mai tambaya gari. Kuma a wurin aiki babu ɗayanmu da ke sakin manhaja sai wani ya bi ta layi layi ya duba, ba mu taɓa kiran wannan satar amsa ba.

Layin da ya rage

Asabar ta gaba muka kawo wa babbanmu duk wannan, ya ce to, a kira, amma da sharaɗin kada a faɗi amsa. Ƙaramarmu ta buga waya ta sa kowa na ji, muka gaisa, ta karanta isharar.

Tsohon ya yi dariya. Ya ce, "Ku yaran nan, wa ya ce muku fure ake nema?"

Ta ce, "Baba, ai ga shi nan a rubuce."

Ya ce, "Sake kallon kalmar, 'yata. Raba ta biyu. Me ruwa ke yi in ya samu gangare?"

Sai muka gani. Kalmar Ingilishi da ke nufin fure, in aka karanta ta ta wata fuska, tana nufin mai gudana. Kogi ake nema. Wannan tsohuwar dabara ce da kowane ɗan wasa a Ingila ya sani, mu kuwa ba wanda ya taɓa gaya mana. Babbanmu ya yi wuf ya ce Tiber, kogin birnin Rum, ga I ga E duk sun zauna daram. Ya ɗauki waya zai rubuta, na ukunmu ya riƙe masa hannu, ya ce, "Yaya, dakata. Ina mulkin da ya rikice?" Muka koma kan jimlar. Kalmar da aka yi amfani da ita don mulki haruffa biyar gare ta: R, E, I, G, N. Muka birkita su a takarda, sai ga NIGER.

Kogin Neja ne, Kwara da ƙasarmu ta samo sunanta daga gare shi, muka kwana bakwai muna nemansa a cikin furannin Turawa. Tsohon yana ta dariya a waya, ya ce shi bai faɗi komai ba, mu shaida ne. Gaskiyarsa. Shi ya buɗe ƙofa, babbanmu ya shiga ɗakin da ba shi ba, na ukunmu ya dawo da shi. Da mutum ɗaya ne, da Tiber aka rubuta, aka tashi da kuskure ana murna.

Yanzu duk Asabar in mun maƙale, babbanmu ne ke fara cewa a kira Baba. Mun kuma fara gwada ɗana cikakken wasa da Hausa, muna ta gardama kan ko "sh" da "ts" gurbi ɗaya za su ci ko biyu, da kuma ko adalci ne a bar K ta gitta da Ƙ. Irin gardamar da Macnutt ya yi da mutanensa ta gidan waya ce, kuma mun san mu huɗu ba za mu iya yanke ta ba sai masu warwarewa sun yi yawa sun sa baki. Kafin nan, ga guda mun bar wa mai karatu:

Mai haushi ya tauna rake (4).

In ta ƙi fita, a miƙa wa na kusa waya, amma a roƙe shi kada ya faɗi amsa.